Tsanar da marubuci ke yi wa wani abu, gyara wasan kwaikwayonsa take yi ko ɓata shi?

Malamin Hausa, Tudun Wada:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare a nan Zariya, kuma yau shekara shida ke nan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗalibai tana hannuna. A tsawon wannan lokaci na rubuta wasanni huɗu waɗanda muka nuna a bukukuwan rabon kyaututtuka, yanzu kuma muna kan gwajin na biyar. Abin da ya sa na kawo maganar gabanku ya faru ne ranar Alhamis da ta wuce, bayan sallar la'asar. Muna tsakiyar fitowa ta uku sai yaron da na ba matsayin dillalin gidaje ya ajiye takardarsa a kan benci, ya dube ni cikin ladabi ya ce: “Malam, don Allah wannan mutumin ba shi da iyali ne? Tun daga farkon wasan har ƙarshensa ban ga inda ya buɗe baki ba sai in zai cuci wani.” Sauran yara suka bushe da dariya, ni ma na yi yaƙe, amma maganar ta bi ni har gida.

Da na ba wani abokin aikina labari washegari, sai ya ƙara mini da abin da ban taɓa lura da shi ba. Ya ce a duk wasannin nan biyar akwai dillali, kowanne da tsohon babur mai hayaƙi, da tarin makullai a aljihun gaba, da rantsuwa a baki kamar shan ruwa, kuma babu wanda aka tashi wasa bai tozarta ba: ɗaya ya faɗa kwata, ɗaya yaran unguwa suka yi masa ature, ɗaya aka tasa ƙeyarsa zuwa wajen 'yan sanda. Alhali kuwa jigon wasa na biyu tallar 'ya'ya mata ne, na huɗu kuma satar amsa a jarrabawa, babu abin da ya haɗa su da hayar gida.

Ban sha wahalar gano tushen abin ba. Shekara tara da suka wuce, ina shirin aure, wani dillali ya karɓi kuɗin hayar shekara guda da la'adarsa a hannuna a kan ciki da falo. Ranar da 'yan jere suka iso da kayan amarya a bayan akori-kura, sai muka tarar da labule a ƙofar ɗakin da takalman yara a bakinta, ashe mutum biyu ya ba wurin, wancan kuma ya riga ni tarewa. Gado da kabad da kwallaye suka kwana uku a zauren wani aminin mahaifina, kuma har gobe ban manta irin kallon da gwaggon amarya ta yi mini ba. Rabin kuɗin kawai na iya karɓowa, shi ma a gutsuttsure.

Tambayata ga masana da waɗanda suka daɗe a harkar ita ce: shin wannan aibi ne da ya kamata in tsarkake rubutuna daga gare shi, ko kuwa haka marubuta suke aiki? Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, maganganun dillalin nan su ne mafi rai a cikin duk abin da na rubuta, kuma su 'yan kallo suka fi yi wa tafi. In na cire shi ina tsoron wasan ya zama lami, in na bar shi kuma ina tsoron in zama mai ramuwar gayya da bakin 'ya'yan mutane.

Dattijo Na-Kwarbai:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin komai ka riƙe yaron nan da kyau, domin a cikin jimla biyu ya yi maka aikin da wasu manazarta suke cika shafi hamsin kafin su kai gare shi. Na koyar da adabi shekaru masu yawa kafin in ajiye aiki, kuma amsata a taƙaice ita ce kada ka cire dillalinka.

Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Abin da ba su ƙarasa faɗa ba shi ne ƙi yana buɗe ido fiye da kima. Dubban mutane suna hulɗa da dillalai kullum daga Tudun Wada har Samaru, amma mutum nawa ne suka lura da aljihun da makullai suke zama, ko daidai gaɓar da rantsuwa take shigowa cikin ciniki? Kai ka lura ne domin wutar ta ƙone ka. Marubucin wasa kuwa ba shi da jarin da ya wuce irin wannan lura, saboda ba shi da damar tsayawa ya yi bayani kamar mai ƙagaggen labari. Abin da ɗan wasa zai faɗa da abin da zai yi da hannunsa, su ke nan abin da yake da shi.

Ka dubi Malam Aminu Kano. Tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna a ƙarshen shekarun 1930, wato makarantar da aka dawo da ita nan Zariya a 1949 wadda yau muke kira Barewa, yake rubuta wasanni ana nunawa. Sunan ɗaya daga cikinsu kaɗai ya isa ya nuna maka abin da ke ci masa rai: “Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba?” Yaro ne da ya tashi a gidan malamai da alƙalai, ya ga yadda ake yi wa talaka da baƙauye a kusa, abin ya tsaya masa a wuya, kuma a kan dandamali ya fara amayar da shi shekaru kafin a kafa jam'iyyar NEPU a 1950. Da wani ya ba shi shawarar ya huce kafin ya ɗauki alƙalami, da an yi asara.

A Faransa kuma akwai marubucin wasan kwaikwayo Moliya, wanda ya tsani likitocin zamaninsa tsana mai tsanani. Mutum ne mai fama da ciwon ƙirji, likitocin lokacin kuwa babu abin da suka sani sai tsaga jijiya a zubar da jini, da ba da maganin wankin ciki, da surutu cikin Latinanci don kada majinyaci ya gane ba su san komai ba. Ya yi ta dawowa kansu a wasa bayan wasa, kamar yadda kake dawowa kan dillalinka. Na ƙarshe shi ne na 1673, inda shi da kansa ya fito a matsayin mai ciwon ƙarya. A nuni na huɗu, ranar 17 ga Fabrairu, tari ya sarƙe shi a kan dandamali, ya daure ya ƙarasa, aka kai shi gida ya cika a daren. Sai dai ka lura da abu guda a wannan wasan: wanda aka fi yi wa dariya ba likita ba ne, majinyacin ne, wanda tsoron mutuwa ya sa yake neman a yaudare shi. Ashe tsanar ta kai marubucin har inda ya gano cewa macuci ba ya cin kasuwa sai da haɗin kan wanda ake cuta.

Wanda na fi so in ba ɗalibaina misali da shi shi ne Henrik Ibsen na ƙasar Norwe. Ya bar ƙasarsa a 1864 cike da haushin mutanenta, bai koma da zama ba sai bayan shekara 27. Shi da kansa ya ba da labari cewa lokacin da yake wani rubutu a Italiya yana ajiye da kunama a cikin kofin gilashi a kan teburinsa, in ya ga ta yi laushi sai ya jefa mata ɗan yankin 'ya'yan itace, ta harbe shi ta zubar da dafinta, sai ta warware. Ya ce haka marubuta suke. A 1881 ya fitar da wani wasa da jaridu suka yi wa ca, har da waɗanda yake zaton nasa ne. Cikin wannan fushi ya rubuta na 1882, labarin likitan da ya gano ruwan wuraren wankan da garinsu yake taƙama da su ya gurɓace, ya faɗi gaskiya, gari ya taru ya kira shi maƙiyin jama'a. Ramuwa ce ƙarara. Amma bayan shekara biyu, a 1884, sai ya juya ya rubuta wasan da mai naci a kan faɗar gaskiya ne ya rusa gidan abokinsa, har wata ƙaramar yarinya ta rasa ranta. Wato ya ɗauki irin mutumin da ya mayar gwarzo jiya, wanda kuma shi ne kamanninsa, ya sa shi a gaban alƙali. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Ibsen ya sauko ya dubi tudun da yake kai.

To a ganina matsalarka ba tsana ba ce, tsayawarta wuri ɗaya ne. Shekara shida kana rubuta mutum guda, bai ƙaru da komai ba tun ranar da aka sauke kayan jere a zauren mutane. Ka taɓa tambayar kanka abin da ya sa malamin makaranta mai hankali ya miƙa kuɗin shekara ba tare da ya ga mai gida ido da ido ba? A nan wasanka na gaba yake kwance.

Maman Ummi, Sabon Gari:

Baba Na-Kwarbai, Allah ya ƙara girma, na ƙaru da bayaninka ƙwarai, amma ka yi mini izini in saɓa maka a wuri guda. Duk waɗanda ka ambata sama suka yi jifa: masu mulki da manyan 'yan kasuwa, likitocin da ke shiga fadar sarki, jaridu da manyan gari. Wanda aka jefa yana da bakin ramawa, yana ma da ikon hana wasan fita. Akwai kuma tsanar da take jifa ƙasa, ita ce na fi sani, domin na yi kusan shekara goma sha biyar ina fitowa a wasannin rediyo, kuma a mafi yawansu ni ce muguwar kishiya, ko bazawara mai kwaɗayi, ko uwar amaryar da ba ta ƙoshi.

Akwai wani marubuci da na yi aiki da shi, mutumin kirki a mu'amala, wanda kowane rubutu ya kawo sai ka tarar da uwar mata tana zuga 'yarta ta yi yaji. Wata rana muna karanta takarda kafin ɗauka, na iso inda zan ce wa 'yata ta kwaso kayanta saboda mijin bai yi mata ɗinkin salla ba. Na tsaya na ce masa: “Malam, ni uwa ce, kuma ban san uwar da za ta kashe auren 'yarta a kan turmin atamfa ɗaya ba. Me wannan matar ta gani a gidan da ya tsorata ta?” Ya ce mini ai haka suke, in karanta kawai. Daga baya na ji cewa surukarsa ce ta zo ta tafi da matarsa ta fari, kuma waɗanda suka san gidan sun ce tana da dalili. Shi dai ya ɗauki ciwonsa ya rarraba wa masu sauraro mako-mako, har ta kai wata dattijuwa a kasuwar Sabon Gari ta gane muryata ina cinikin kayan miya, ta ce mini in ji tsoron Allah in bar 'ya'yan mutane su zauna a ɗakunansu. Mun yi dariya, amma na koma gida ina tunanin surukai nawa aka ƙara tsana a garin nan saboda muryata.

Wannan hanya tsohuwa ce a rubutunmu. Wanda ya karanta “Jatau Na Kyallu” na Shu'aibu Maƙarfi ya san yadda attajiri ya auri karuwa mai suna Kyallu duk da gargaɗin mutane, ta kai shi ta baro. Ba ina ɗora wa mawallafin ƙin mata ba ne, wasan ma yana da daɗi kuma harshensa tsaf yake. Abin da nake cewa shi ne waɗanda suka biyo baya sun gaji Kyallu ba su gaji gwanintar ba, duk wanda wata mace ta ɓata wa rai sai ya ɗauko rigar Kyallu ya sa mata, 'yan kallo kuma su karɓa tun da sun saba. Tsanar da jama'a suka riga suka yarda da ita ba ta buɗe wa marubuci ido, Baba, rufe shi take yi, domin ba ya bukatar lura da komai kafin a tafa masa.

Saboda haka, Malam mai tambaya, ina ganin tafin da kake samu ba hujja ba ne. Kowa a Zariya yana da labarin dillali, ko ka sa shi ya fito ya yi atishawa kawai za a yi dariya. Ga kuma abin da nake so ka bincika kafin ranar nuni: a cikin ɗaliban makarantarku, 'ya'yan dillalai nawa ne? Ranar rabon kyaututtuka iyaye ake gayyata. Ka ƙaddara wani uba ya sa babbar rigarsa ya zo ganin 'yarsa za ta karɓi kyautar lissafi, sai ya zauna minti arba'in ana nuna wa ƙawayenta cewa duk mai sana'arsa ɓarawo ne.

Ba na tsame kaina. Da na fara rubuta nawa, duk mijin da na ƙirƙira sakarai ne mai sakin mace a kan gishirin miya, kuma na san daga inda na ɗebo shi. Sai da wani abokin aiki ya ƙi karɓar matsayin, ya ce ba zai iya fitowa a mutumin da ba shi da ƙwaƙwalwa ba, sannan na zauna na sake.

Almajiri, Ƙofar Gayan:

Assalamu alaikum. Ina so in ƙara wani gefe da ba a taɓa ba, wato haƙƙin shi mutumin da ake kwaikwaya. Adabinmu ya daɗe da bambanta habaici da zambo. Mai habaici ba ya kama suna kuma ba ya siffanta mutum, yana sakin magana ne, mai kaza a aljihu kuwa ba ya jimirin as. Mai zambo shi ne yake zana mutum da kamanninsa, da tafiyarsa, da aibin jikinsa, yadda kowa zai gane shi, kamar yadda makaɗan fada suke yi wa abokan hamayyar ubangidansu. Malam, tsohon babur mai hayaƙi da makullai a aljihun gaba sun fi kusa da zambo. Garin nan yana da faɗi a ƙasa, amma wajen sanin juna ƙarami ne, kuma wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Idan mutanen unguwarku za su iya nuna mutumin da yatsa bayan an tashi wasa, to ka duba ko ba ka shiga yi da mutum a bayan idonsa, wanda aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana ba. Wanda aka zalunta yana da damar kai ƙara da faɗar abin da aka yi masa, amma wannan dabam yake da maimaita tozarci shekara-shekara a gaban taro. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida kuma ta yi umarni kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa a bar adalci, ban kuwa ga dalilin da zai fitar da mai alƙalami daga wannan umarni ba.

Kada a ɗauka dariya ba ta kisa. A birnin Atina na ƙasar Girka, a shekara ta 423 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, wani marubucin wasa mai suna Aristofanis ya nuna wasan barkwanci inda ya mayar da malamin falsafa Sukurat wani mayaudari da yake rataye a cikin kwando yana nazarin sama, yana koya wa matasa yadda za su mayar da ƙarya gaskiya. Bayan shekara 24, a 399, aka gurfanar da Sukurat bisa zargin ɓata tarbiyyar matasa, kuma a jawabin kare kansa, kamar yadda almajirinsa Aflatun ya rawaito, ya ambaci wannan hoto na wasan a cikin tsofaffin ƙazafin da suka zauna a zukatan mutane. Aka yanke masa hukuncin kisa.

Ko tashe da muke yi a watan azumi, wanda ake tsokanar gwauro da marowaci da tsoho mai budurwar zuciya, yana da iyaka: hali ake kwaikwaya, kowa ya san lokacinsa, in wata ya wuce an wuce wurin. Shawarata ita ce ka riƙe halin, ka sauya kamannin gaba ɗaya.

Darakta, Samaru:

Allah ya gafarta Malam, na yarda da batun sauya kamanni. Ni kuma ina so in tuna mana cewa tsanar marubuci ba a kan mutane kaɗai take tsayawa ba, tana shiga har zubi da tsarin wasa, kuma a nan ne ta fi yin amfani. Ni abin da ba na ƙauna a duniya shi ne dattijon da ake fitowa da shi a fitowar ƙarshe ya jera wa 'yan kallo darasin da suka riga suka gani da idonsu, ko mai unguwar da zai kira kowa ya raba gardama cikin minti biyu. Saboda wannan ƙi, duk wasan da na shirya sai na nemi wata hanyar rufe shi, kuma neman wannan hanya shi ya koya mini rabin abin da na sani. Marubucin wasa Batolt Bireshet na Jamus ya tsani wasan da zai sa mutane su yi kuka su fita ba su yi tunani ba, shi ya sa yake katse labari da waƙa, yana sa a ɗaga allo mai faɗar abin da zai faru tun kafin ya faru, 'yan wasa kuma su juyo su yi wa 'yan kallo magana kai tsaye. Salo guda ya tsiro daga abin da mutum ɗaya ba ya so.

A nan Samaru ma, bayan an fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello a 1975 ƙarƙashin Michael Etherton, aka gina gidan wasa na ƙasa mai siffar gidan Bahaushe, aka kuma riƙa fita da ɗalibai ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo, a saurari manoma, a gina wasa daga bakinsu, a nuna musu su gyara. Ƙungiyarmu ta aro wannan hanya, kuma ita ce maganin da na sani ga ciwon Malam mai tambaya. Mun taɓa zuwa wani ƙauye da mugun ɗan kasuwa mai ba da bashin taki a shirye cikin kanmu. Muna cikin nuni wani manomi ya miƙe ya ce ba haka abin yake ba, mutumin yana tsuga musu riba, gaskiya ne, amma shi kaɗai ne yake buɗe musu ƙofa cikin watan Yuni. Dole muka sake fitowar a gabansu.

Malam mai tambaya, ka gwada abu biyu. Ka zaunar da yaron a kan kujera a matsayin dillali, sauran su yi ta yi masa tambayoyi yana amsawa da bakin dillali, kai kuma ka yi shiru kana rubutawa. Sannan ka je ka zauna a bencin dillalai na yini ɗaya, ba wanda ya cuce ka ba, wani dabam.

Malamin Hausa, Tudun Wada:

Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya saka da alheri. Na jinkirta amsa ne domin in fara aikata wani abu. Hajiya Maman Ummi, na bincika, kuma a ajin ƙarshe kaɗai akwai yara biyu da iyayensu dillalai ne, ɗaya ma tana cikin ƙungiyar wasan, ita ce mai kula da kayan sawa, shekara biyu tana ninke rigar dillalina ba ta taɓa cewa uffan ba. Ban san inda zan sa fuskata ba da na ji.

Ranar Asabar na bi shawarar Darakta, na zauna da wasu dillalai uku a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya daga hantsi har azahar. Na ji abin da ban sani ba: mai gida yakan ba dillali uku ko huɗu ɗaki ɗaya, wanda ya riga kawo kuɗi shi ya ci, la'adar da ɗan haya yake ganin ta yi yawa kuma sau da yawa mutum uku ne za su raba, da wanda ya ji labarin ɗakin, da wanda ya kawo mai nema, da mai riƙe da makulli. Ɗaya daga cikinsu ya ce ya taɓa karɓar kuɗin mutum ya taɓa wani abu a ciki don matarsa tana asibiti, kafin ya cika sai mai gida ya bugo waya cewa ya ba ɗan ƙanwarsa ɗakin. Ban tambaye shi yadda suka ƙare da mai kuɗin ba, shi ma bai faɗa ba.

Na rubuta sabuwar fitowa a kan wannan. Dillalin yana zaune da dare yana lissafi a bayan kwalin ashana, matarsa tana tuna masa kuɗin makarantar yara, sai waya ta yi ƙara. Ban wanke shi ba, domin da safe yana kallon idon ango ya rantse masa cewa ɗaki nasa ne, kuma ina rubuta wannan rantsuwa hannuna yana rawa kamar jiya abin ya faru. Na bi maganar Malam na Ƙofar Gayan na raba shi da babur, yanzu a ƙasa yake yawo da lema. Na kuma ƙara wa angon abin da Baba Na-Kwarbai ya tono: wani tsoho ya ce masa ya nemi mai gida tukuna, shi kuwa ya ƙi, don yana gaggawar ya nuna wa surukai cewa ya isa. Wannan layi ya fi kowanne yi mini wuyar rubutawa.

Inda muka tsaya yanzu shi ne ƙarshen wasan. Na cire faɗawa kwata, yara suka yi mini bore, suka ce ita ce fitowar da iyaye suke jira. Yaron da ya fara tayar da maganar shi kaɗai ya goyi bayana, amma ya roƙi a bar masa makullan, ya ce in ba ya jin nauyinsu a aljihu ba ya iya tafiyar mutumin. Na bar masa. Saura mako uku a yi bikin, kuma ina da ƙarshe iri biyu a rubuce: a ɗaya dillalin ya dawo da rabin kuɗin a gutsuttsure kamar yadda aka yi mini, a ɗayan kuma an rufe labule yana tsaye a ƙofar zauren da aka jibge kayan amarya, bai shiga ba, bai kuma tafi ba. Darakta, idan kana da sarari ranar Alhamis bayan la'asar, ina so ka zo ka ga duka biyun.